Ƙanwata na tarminal D, bayan bak ina za mu dosa?

Yayan_Zango:
Salamu alaikum jama'a. Ina da ƙanwa tana tarminal D, ajin ƙarshe na lise ɓangaren kimiyya, a nan Damagaram, bana za ta yi bak, jarrabawar gama lise, in Allah ya yarda. Baba ya kafe sai ta yi likitanci a Yamai, ita kuma ba ta cewa uffan sai dai in an fita ta ce mini tsoro take ji, lissafi da fizik suna ba ta wahala, kimiyyar halittu ce take ci sosai. Ni ban yi nisa a lakkol ba, a BEPC, jarrabawar gama kwaleji, na tsaya na kama kasuwa, shi ya sa ban san yadda abin yake tafiya ba. Don Allah waɗanda suka sani ku ba mu haske, me ya kamata mu fara yi tun yanzu, kuma dole ne sai Yamai?

Mushe_Birni:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ni malamin lise ne, duk shekara ina ganin irin wannan. Abu na farko kada ku jira sakamako ya fito sannan ku fara tunani, lokacin nan kowa a rikice yake, ana ta guje-gujen takardu. Tun yanzu a haɗa takardar haihuwa da ta shaidar ɗan ƙasa da hotuna da takardun makinta na shekara ukun lise, a yi kofi a kai a buga hatimi a ajiye a dosiye ɗaya, kuma a duba da kyau ko sunan da ranar haihuwar sun yi daidai a kowace takarda domin harafi ɗaya na iya tsayar da yaro.

Zancen Yamai kuwa ba dole ba ne. Da can gaskiya ne Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai ce kaɗai ta gwamnati, amma yanzu akwai jami'a a Maraɗi da Tawa da nan Damagaram, daga 2014 aka ƙara Agadas da Difa da Doso da Tilaberi. Tamu ta nan, Jami'ar André Salifou, tana da sashen kiwon lafiya, akwai na kimiyya, akwai na adabi, akwai kuma IUT inda ake karatun sana'a kai tsaye. Yamai kusan kilomita 900 ce daga nan, ka lissafa kuɗin kar da haya da ci, yarinya ita kaɗai, alhali nan za ta kwana a ɗakin uwarta.

Amma abin da ya fi damuna a maganarka shi ne tsoron nan da take ji. Likitanci ba lisans ba ne da ake gamawa a shekara 3, shekara 7 ne ko fiye, kuma shekarar farko cike take da fizik da shimi, nan ne ake tankaɗe yara. Ka ɗauko takardun makinta ku je wajen malaminta na lissafi da na kimiyyar halittu ku tambaye su tsakani da Allah, su ne suka san nauyin da za ta iya ɗauka, ba Baba ba, ba ni ba. Iyaye suna son a ce ɗiyarsu dokta ce, wannan ba laifi, sai dai ba su ne za su zauna a aji ba.

Hajiya_Unguwarzoma:
Ɗana, ka gaya wa Baba asibiti ba likita kaɗai ke cikinsa ba. Ga ENSP nan cikin gari, makarantar kiwon lafiya ta ƙasa, ana fitar da masu jinya da unguwarzoma. Wadda kimiyyar halittu ke shiga kanta ai nan ne wurinta. Ku je ku tambayi lokacin kwankur, wato jarrabawar shiga, da kanku kada ku dogara da jita-jitar WhatsApp. In kuma za ku duba masu zaman kansu to ku tabbatar gwamnati ta san da diplom ɗinsu kafin ku zuba ko dala. Kuma ku kai ta ta yini a asibiti ta ga jini da ido tukuna, wasu daga ranar farko suke sanin ba aikinsu ba ne.

Dan_Garin_Malam:
Ni dai gaskiya duk wannan dogon karatu hmm, masu lisans nawa ne ke tuƙa kabu-kabu a garin nan? A gama a yi bautar ƙasa shekara 2 sannan a zauna jiran aiki. Ku koya mata ɗinki ko kwamfuta a hutu ko da za ta ci gaba, ba ya hana komai.

Mushe_Birni:
Sana'a a hannu na yarda da kai, ba na musu. Amma ba kowane fanni ne ke da cunkoso iri ɗaya ba, wanda ya yi lafiya ko koyar da lissafi ba ɗaya yake da wanda ya shiga sashen da kowa ya ruga ba. Ko matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a 2011 masu fasahar hannu take buƙata. Na manta ban faɗa ba, burs, wato tallafin kuɗin karatu na gwamnati, ta hannun hukumar ANAB ake nema kuma ba kowa ke samu ba, ana duba maki da shekaru, saboda haka ku yi lissafinku kamar babu ita, in ta zo alhamdu lillahi.

Yayan_Zango:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Matsalar yanzu wa zai tunkari Baba, ni in na buɗe baki zai ce me na sani. Ina ga kawunmu zan sa, shi yake jin maganarsa. Hajiya don Allah kwankur ɗin nan kafin sakamakon bak ake ajiye dosiye ko sai bayan ya fito?