Wai roba za ta iya gano alamar cutar daji a jini?

Ɗan Jega:
Assalamu alaikum. Ina shekarar ƙarshe a kemistiri a Aliero, malamina ya ba ni aikin kammala karatu kan MIP, robar da ake yi wa gurbin wani sinadari don ta riƙa gane shi. Na karanta har kaina ya yi zafi. Abin ya shafe ni: kawuna dajin hanta ya ɗauke shi, sai da ciki ya kumbura aka auna masa AFP, wani furotin a jini da kan hau in akwai dajin hanta. Wai robar nan za ta iya aikin gwajin asibiti?

Malam Na-Argungu:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan kawu. Ka taɓa tsayawa wurin masu zubin tukunyar alminiyam? Suna danna tsohuwar tukunya cikin ƙasa mai danshi, su cire ta, gurbinta ya rage. To haka. Za ka gauraya sinadarin da kake nema da ƙananan ƙwayoyin roba, irin su asid ɗin metakirilik, su daskare kewaye da shi, ka wanke shi, rami ya saura daidai kamarsa. In aka shafa robar a bakin na'ura aka ɗiga jini, mai ramin ya faɗa ciki, gudun lantarki ya canja, ka karanta. Ba sabon abu ba ne, Günter Wulff na Jamus ya fara tun 1972. Amma AFP da PSA (wanda ake aunawa wajen neman dajin furostet na maza) furotin ne, manya ne, cire su daga robar aiki ne ja. Shi ya sa wasu ke zuba gurbin ɗan guntunsu kawai.

Anti Lab, Gusau:
Ƙanena, ni abin da ya ja ni shi ne zafi. Kayan gwajinmu na antibodi, wato furotin ɗin garkuwar jiki da ke kama abin da ake nema, sai firji, tsakanin digiri 2 da 8. Bara a watan Afrilu wuta ta ɗauke kwana biyu, janareta ba mai, muka zubar da kwali guda ina ji ina gani. Roba ba ruwanta da wannan. Sai dai har yanzu yawanci a ɗakin bincike take. Kuma kar ka rubuta cewa tana gano daji. Mai juna biyu ma AFP ɗinta na hawa, haka mai ciwon hanta. Sai an haɗa da hoton ciki likita zai yi magana.

Ɗan Jega:
Na gode ƙwarai. Anti, na goge layin tun kafin malam ya gani. Malam, da me ake wanke furotin ɗin ba tare da ramin ya lalace ba?