Dubai, Akra ko Kuala Lumpur: ina ya kamata mai tallan intanet ya zauna?

Ɗan Tudun Wada, Gusau

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni fita waje, musamman 'yan'uwa na Zamfara da Kabi da suka san yanayin da muke aiki a cikinsa. Sana'ata ita ce tallata hajar mutane ta intanet: ina shirya talla a Facebook da Instagram da TikTok, in tsara kalaman da za su ja hankalin mai saye, in zaɓi garuruwan da tallan zai isa, sannan in bi sawun kuɗin da aka kashe domin a ga abin da ya dawo. Galibin waɗanda nake yi wa aiki 'yan kasuwar Gusau da Sakkwato da Kano ne, masu atamfa da shadda da turaren wuta da takalma, kuma da naira suke biya na. Akwai kuma wani ƙaramin kamfani a Ingila da nake kula masa da tallansa, shi kuwa da fam yake biya duk ƙarshen wata.

Dalilin da ya sa nake tunanin tashi ba ɓoyayye ba ne. Wuta ba ta zama, sabis yakan ɗauke a daidai lokacin da ake ganawa ta bidiyo, kuma har yau ban manta da watan Satumbar 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a faɗin jihar saboda matsalar tsaro. Tallace-tallacen mutane suka yi ta cin kuɗi ni kuwa ba ni da hanyar tsayar da su, sai da na ɗauki kwamfuta na tafi Zariya wurin wani ɗan'uwa sannan na iya shiga asusun. Mai riƙe da amanar kuɗin mutane ba zai so ya sake shiga irin wannan hali ba.

Biranen da aka fi ambata mini su ne Dubai da Kuala Lumpur da Akra, wasu kuma sukan ce Kigali. Ina da mata da yara ƙanana, saboda haka ina son wurin da ke da tsayayyar wuta da intanet, da masallaci kusa, da abincin da mutum zai ci hankalinsa kwance, kuma wurin da zan zauna da takarda ta halal, domin ba na son zaman ɓuya a ƙasar mutane. Wanne ne ya fi dacewa da mai irin wannan aiki?

Bakaben Nima, Akra

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ni mutumin Birnin Kabi ne, kuma na daɗe a Akra. Shawarar farko da zan ba ka ita ce ka ajiye hotunan biranen nan gefe guda ka ɗauko fasfonka, domin shi ne zai fara yi maka zaɓi tun aljihunka bai yi magana ba. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Najeriya damar shiga Gana ba tare da biza ba ya zauna har kwana 90, kuma abin da za a nema a hannunka shi ne fasfo da katin rigakafin cutar shawara. Idan zaman zai zarce haka sai ka nemi izinin zama a hukumar shige da fice, kuma kada ka bari wa'adin ya wuce ka ce za ka gyara daga baya. Babu ɗaya daga cikin sauran biranen da ka lissafa da zai ba ka damar zuwa ka yi wata uku kana gwaji cikin sauƙi irin wannan.

Ta fuskar zaman iyali kuwa, ba na jin uwargidanka za ta yi kewa sosai. A unguwannin Nima da Mamobi da Sabon Zango da Madina, da Hausa ake cefane, da Hausa ake wa'azi, kuma da sassafe za ka tarar da masu koko da ƙosai a bakin titi kamar kana Rafin Atiku. Babban masallacin ƙasa da aka buɗe a 2021 yana Kanda, dab da Nima, kuma Babban Limamin ƙasa, Shaikh Usman Nuhu Sharubutu, mutum ne da Musulmi da Kirista suke girmamawa. Sai dai ni da kaina ba zan ba ka shawarar kama ɗaki a tsakiyar Nima ba idan aikinka na buƙatar natsuwa, domin cunkoso da hayaniya sun yi yawa. Ka duba wajen Madina ko Adenta, ka riƙa shigowa zumunci.

Ga kuma ɗacin, don kada ka ce yayanka ya ɓoye maka. Dokar haya ta ce kada a karɓi fiye da kuɗin wata shida a gaba, amma masu gidaje sukan nemi na shekara ɗaya ko biyu a dunƙule, wasu ma da dala suke yanka farashi. Kuɗin ƙasar, wato sidi, shi ma ya sha faɗuwa, har hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin 100 a ƙarshen 2022. Wuta ta fi ta gida zama nesa ba kusa ba, amma ana ɗaukewa, saboda haka inbata ba za ta rabu da kai ba. Abu mafi muhimmanci shi ne ka tsaya a kan aikinka na kwamfuta. Dokar zuba jari ta 2013 ta shar'anta wa baƙon da zai buɗe harkar saye da sayarwa jarin dala miliyan ɗaya, kuma a kan wannan doka ne aka sha rufe shagunan 'yan Najeriya a Akra da Kumasi. Kada wani ya ce maka ka haɗa da ɗan shagon waya a gefe.

Agogon Gana yana bayan na Najeriya da awa ɗaya kacal, kuma a lokacin hunturu daidai yake da na Landan. Ga mai abokan hulɗa a Kano da Ingila, wannan ba ƙaramar riba ba ce.

Hajiya Mai Leshi, Jega

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya kafin ka sayar da abin hannunka. Ni ba mai talla ba ce, ina cikin irin mutanen da kuke yi wa talla, kuma na yi shekaru ina zuwa sarin kaya Dubai, don haka zan yi magana a kan abin da idona ya gani. Gari ne mai kyau da tsari, wuta ba ta ƙiftawa, ana kiran salla a ko'ina, ba a kuma cire harajin albashi. Amma ka tuna cewa daga watan Oktoban 2022 aka daina ba 'yan Najeriya biza, ba a dawo da ita ba sai Yulin 2024, kuma a tsakanin nan mutane da yawa sun rasa yadda za su sabunta takardunsu. Wanda ya kai iyalinsa irin wannan wuri ya san cewa zamansa yana rataye ne da dangantakar gwamnatoci biyu, abin da ba shi da iko a kansa.

Akwai bizar shekara ɗaya ta masu aiki daga nesa, wadda suka fara a 2020, amma sai ka nuna shaidar samun dala 3,500 duk wata da inshorar lafiya. Ka lissafa wannan da naira ka gani ko 'yan kasuwar Gusau za su kai ka can. Na shiga ɗakunan da samarinmu suke kwana a unguwar Deira ta Dubai, gadaje masu hawa biyu an jera su, kowa ya rataya labule a gaban nasa, akwatinsa a ƙarƙashi, ga shi kowane wata sai an biya kuɗin gadon da dirhami. Hoton da suke turowa gida a gaban dogon bene ake ɗaukarsa. Sannan kiran murya da na bidiyo ta WhatsApp ba ya tafiya a can yadda ka saba, alhali kai ka san da shi kasuwancinmu yake numfashi.

Akwai kuma abin da nake so ka auna a matsayina na mai biyan kuɗin talla. Yaron da yake yi mini aiki yakan zo shago da kansa, ya shimfiɗa leshi a inda hasken hantsi yake faɗowa, ya ɗaga gefensa don a ga aikin dutsen, ya ɗauki hoto, mu yi ciniki ido da ido. Na san gidansu, na san mahaifinsa. Ranar da ya ce mini ya koma wata ƙasa, zan yi masa fatan alheri, amma zuciyata ba za ta saki dubban nairori in tura wa wanda ba zan iya aikawa a kira mini shi ba. 'Yan kasuwarmu da yawa haka suke.

Bazamfaren Gombak, Kuala Lumpur

Hajiya, Allah ya ƙara girma, maganarki gaskiya ce, sai dai ina ganin tana da magani. Malam zai iya horar da wani ƙaninsa a Gusau ya riƙa zagaya shaguna yana ɗaukar hoto da bidiyo yana karɓar saƙo, shi kuma ya riƙe tsara talla da lissafi daga inda yake. Fuskar da aka sani tana nan, aikin ma yana tafiya.

Game da Maleshiya, karatu ne ya kawo ni, kuma ina son ƙasar. Abincin halal ba a neman sa, shi yake samun ka, intanet yana da ƙarfi, haya kuma ta fi ta Dubai sauƙi ƙwarai. Suna da izinin zama mai suna DE Rantau tun 2022, wanda ya ambaci masu tallan intanet a cikin waɗanda suka cancanta, da sharaɗin samun dala 24,000 a shekara, ana ba da shi har zuwa wata 12 kuma ana sabuntawa. Duk da haka, Malam, ba zan ce ka zo ba, kuma dalilina agogo ne. Muna gaban Najeriya da awa bakwai. Ka fi ni sanin cewa mutanenmu bayan sallar isha'i suke zama da waya, a lokacin ne ake tambayar farashi, a lokacin ne mai shago zai kira ka ya ce a ƙara kuɗin talla ko a tsayar. Ƙarfe tara na dare a Gusau ƙarfe huɗu na asuba ne a nan. Wanda abokan cinikinsa suke Asiya ko Ostireliya zai ji daɗin garin nan, amma kai za ka mayar da dare rana, yaranka su riƙa ganin ka kana barci idan sun dawo makaranta.

Kigali, babban birnin Ruwanda, tana gaban Najeriya da awa ɗaya ne kawai, 'yan Afirka suna shiga ba tare da biyan kuɗin biza ba na kwana 30, gari ne mai tsabta, kuma Musulmi sun fi yawa a unguwar Nyamirambo. Amma iyalinka ba za su sami masu jin Hausa kamar na Akra ba.

Duk inda ka nufa, kada ka yar da layin wayarka na gida, domin ta nan banki yake turo lambar tabbatarwa, kuma ka buɗe masa damar aiki a ƙasar waje tun kafin ka hau jirgi. Haka nan ka ƙara wani amintacce a cikin masu kula da asusun tallanka, saboda Facebook yakan tsayar da asusu ya nemi tabbaci idan ya ga an shiga daga sabuwar ƙasa ko an canza katin biya.

Akanta, Talatar Mafara

Malam, ni tambaya ɗaya gare ni: kashi nawa na abin da kake samu ne yake shigowa da kuɗin waje? Tun da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yunin 2023, wanda yake karɓar naira yana biyan haya da dirhami ko dala ya sha cin baya, ko da kuwa aikinsa ƙaruwa yake yi. A ganina kada ka ɗaga iyali sai kuɗin fam ɗin nan shi kaɗai ya isa haya da abinci da makaranta a can, nairar kuma ta zama ta hidimar gida da ajiya. Kamfani ɗaya ma bai isa a dogara da shi ba, domin ranar da ya sallame ka babu dangin da za ka jingina da su. Ka kuma sani cewa ƙasashe da yawa suna ɗaukar wanda ya kwana 183 a cikinsu a shekara a matsayin mai biyan haraji a can, don haka ka tambayi masani kafin ka kai wannan adadi.

Idan kuwa wuta da sabis ne kaɗai damuwar, ka kwatanta kuɗin ƙaura da kuɗin sola mai kyau da na'urar Starlink mai kawo intanet ta tauraron ɗan'adam, wadda ta fara aiki a Najeriya tun Janairun 2023, ko da komawa Kano ko Abuja.

Ɗan Tudun Wada, Gusau

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Ranka ya daɗe Akanta, abin da ke shigowa da fam bai kai rabi ba tukuna, saboda haka na cire Dubai da Kuala Lumpur daga lissafi a yanzu. Hajiya, zan fara horar da ƙanena kamar yadda aka ba da shawara, in zagaya da shi wurin masu shaguna su san shi. Niyyata in je Akra ni kaɗai bayan salla, in zauna ƙasa da kwana 90 ina aiki daga can, in kuma nemi ƙarin kamfanonin waje kafin in yi maganar ɗauko iyali. Yaya Bakabe, ana samun ɗakin da za a biya wata-wata na ɗan wannan lokaci, kuma yaya batun makarantar yara?

Bakaben Nima, Akra

Ana samu, ƙanena, ɗaki mai kayansa a ciki, sai dai ya fi tsada idan aka raba da wata, kuma kada ka tura wa dillali ko sisi sai ka shiga ɗakin da ƙafarka ka buɗe famfo ka gwada sabis a wayarka. Ka tambaya ko mitar wutar ta ɗakin ce ita kaɗai ko ta haɗaka ce da sauran 'yan haya. Makarantun boko da Turanci ake koyarwa, Islamiyyu kuma suna nan a kowace unguwar zango, wasu ma sun haɗa boko da Arabiyya a wuri ɗaya. Ka zo da fasfonka lokacin sayen layin waya, domin sai da shaida ake yi wa baƙo rajista.