Waɗanda suka taɓa faɗaɗa kicin, a ina lissafinku ya karye?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Kicin ɗinmu ya yi mana kaɗan, in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya fito kafin a iya buɗe firij. Akwai fili ta bayan gida, shi ne muka yanke shawarar fasa bangon baya mu ƙara kamar mita 3. Maigida ya kira magini, ya zo ya zazzaga ya faɗi kuɗi da baki, ko biro bai ɗauka ba. Abin da ya faɗa ya yi daidai cif da abin da muka tara, shi ya sa gabana yake faɗuwa. Don Allah waɗanda suka taɓa irin wannan aikin, a ina lissafinku ya karye?

Baban Yara:
Wa alaikumus salam. Hajiya, in kuɗin da magini ya yanka sun yi daidai da abin da ke hannunku, to ba su isa ba. Ni nawa lissafin a ƙarƙashin ƙasa ya karye. Kwana na biyu da fara haƙar harsashi lebura ya kafa diga, sai ga ruwa yana bulbulowa, wari ya cika gida. Ashe bututun da ke kai ruwan banɗaki sokawe ta nan ya bi, kuma babu wanda ya sani, don ba mu muka gina gidan ba. Dole aka tsayar da aiki, aka kira mai aikin famfo ya karkatar da bututun ya zagaye inda za a yi ginin. Na ware kashi 10 cikin 100 na ko-ta-kwana, kafin a aza bulo ɗaya sun tafi. In gidan ya kwana biyu, ki ware kashi 15 zuwa 20, ki manta da su kamar ba naki ba.

Tsohuwar Malama:
'Yata, ni ba zan ɗora wa kowa laifi ba, ni na jawo wa kaina. An gama shimfiɗa bututu, an zuba kankare a ƙasa ya bushe, rannan da yamma na shiga na tsaya inda za a sa wurin wanke-wanke, sai na ga bango nake kallo, taga tana can gefe. Na ce a'a, a ƙarƙashin taga nake so. Mai famfo ya dube ni ya ce, "Mama, ruwan datti ba ya hawa tudu." Bututun da ke fitar da shi sai da gangara, ba a lanƙwasa shi yadda aka ga dama. Haka aka fasa kankaren da na biya, aka sake haƙa, aka sake zubawa. Aiki ɗaya, biya biyu, ga magini yana ta cika yana batsewa.

Da na san haka, da tun kafin a fara na ɗauki alli na zana kicin ɗin a ƙasa. Kanta, wato teburin aikin girki da ake kafawa a jikin bango, yawanci faɗinta santimita 60 ne, tsayinta kamar 90. In za ki sa kantoci biyu suna fuskantar juna, ki bar aƙalla mita 1 a tsakani, mita 1.2 in ku biyu ne za ku riƙa girki. Ki zana murhu, firij da wurin wanke-wanke, ki yi ta kai-kawo a tsakaninsu kamar da gaske kike girkin. Maƙwabta za su ce kin samu matsala, ki ƙyale su. Alli ya fi siminti araha.

Injiniya:
Hajiya, wata kalma na tsinta a maganarki da ta sa ni rubutu: "fasa bangon baya". Bangon waje kusan ko yaushe yana ɗauke da nauyin rufi, in bene ne kuma har da nauyin sama. Ba a cire shi sai an tokare, an zuba bim, wato ginshiƙin da ake kwantarwa a saman inda aka fasa, na kankare da rodi ko an sa na ƙarfe ya karɓi nauyin. Girman bim ɗin lissafi ne, ba a yin sa da ido. Ki tambayi maginin ko ya sa wannan a kuɗinsa. Na yi imani bai sa ba. Kankare kuma sai ya kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa, ana ba shi ruwa aƙalla mako guda, don haka kada a bari ya cire tokara da wuri don yana sauri ya koma wani aikin.

A gidana ma na sha, duk da sana'ata ce. Inda sabon rufi ya haɗu da tsohon bango na bar wa kafinta ban duba ba, ruwan sama na farko ya ɓata silin. Mahaɗar tsoho da sabo nan ne gini yake tsagewa, nan ne yake yoyo. Sannan ki bincika ko ana buƙatar takardar izinin gini a inda kike, kuɗinta da na zane su shiga kasafin tun farko.

Ƙanwar Maigida:
Tayil! Ki ƙara kashi 10 a kan abin da aka auna saboda yanka da fashewa. Namu ya gaza da kwali biyu, da aka koma saye aka samu sunan ɗaya, lambar ɗaya, amma launin ya ɗan fi duhu. Har yau in na shiga nan idona yake fara sauka.

Mai Lissafi:
Ni shawarata ki sayi kayan aiki da kanki, ki yi jinga da magini a kan aikin hannunsa kawai. Haka na yi, na san kowane buhu inda ya shiga.

Baban Yara:
Malam, wannan sai wanda yake da lokacin zama a wurin aiki. Ni ma na gwada. Na sayi siminti gaba ɗaya don gudun kada ya tashi, aiki ya tsaya saboda maganar bututun nan, damshi ya shiga, buhunan ƙasa suka zama dutse. Siminti ba ya son ajiya, in ya haura wata 3 ƙarfinsa ya fara raguwa. Rodi da bulo za su jira ka, shi ba ya jira.

Mai Lissafi:
Gaskiya ne, a nan ka fi ni. Nawa kaɗan-kaɗan nake saye, na mako guda.

Yaya Babba:
Ba wanda ya taɓo maganar biya. Ni rabin kuɗi na bayar kafin alƙalami, don mutumin ya ce zai haɗo kaya a sari. Ya yi kwana huɗu yana zuwa, daga nan waya ta daina shiga. Ashe kuɗina ya kai wani ginin ya toshe ramin da ya haƙa a can. Mako shida bangon gidana a buɗe, leda muka rataya, ina girki a baranda da ƙaramin murhu, ƙura har cikin kofuna. Wannan zaman ma kuɗi ne: sayen abinci a waje, motar kwashe ɓaraguzai, mai gadin kaya da dare, babu ko ɗaya a lissafina. Ki raba biyan gida-gida: in an gama harsashi, in gini ya kai linta, in an yi rufi, in an gama fulasta. Ki riƙe kamar kashi 5 sai kin zauna a kicin ɗin kin ga babu yoyo babu tsaga. A rubuta, kowa ya sa hannu, ko da ɗan uwanki ne. Musamman ma in ɗan uwanki ne.

Uwar Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya maigida ya sa maginin ya rubuto komai dalla-dalla. Injiniya, ka canka: babu bim. Babu wayar lantarki, babu tayil, babu kantoci, gini da rufi da fulasta kawai ya lissafa. Ya ce ai ba mu tambaya ba. Mun nemi wasu biyu su ma su rubuto nasu, kuma muna tunanin rage ƙarin zuwa mita 2. Tambayata: za a iya barin kantoci sai baɗi?

Tsohuwar Malama:
Ƙwarai kuwa, ni shekara guda na yi da tebur biyu da labule. Amma duk abin da zai shige cikin bango ko ƙarƙashin tayil a yi shi yanzu: bututun ruwa, hanyar fitar hayaƙi, waya. In murhun lantarki za ki sa, a ja masa layinsa daban tun daga akwatin wuta. Soket kuma ki ƙirga nawa kike buƙata ki ƙara biyu, ki tsaya a kan mai wayar ya sa su sama da inda kanta za ta tsaya. Nawa guda ɗaya yana bayan kabad, shekara huɗu ke nan ban gan shi ba.