Bashi ya yi mini katutu, ga yaro ya samu jami'a: in ci wani in rufe, ko mu jira NELFUND?

Baban Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Albashina bayan cire haraji da fansho naira 165,000 ne. Banki na cirar 40,000 duk wata, saura wata bakwai. Ina zubin adashi 20,000, na riga na kwashe, saura zubi huɗu. Mai kanti na bina 38,000. Akwai kuma manhajar rance ta waya: na nemi 50,000, suka turo 45,000, zan mayar da 57,500 bayan sati biyu. Wa'adin ya kusa, albashi zai shigo kwana biyu kafinsa. Sun ce in na ba da 8,000 za su ƙara mini sati biyu. Yanzu kuma babban ɗana ya samu gurbi a jami'ar tarayya, kuɗin rajista 140,000, za a rufe nan da sati biyar. Wani ƙaramin banki ya ce zai ba ni 300,000 a kan ruwa kashi 5 cikin ɗari duk wata, tsawon shekara. In karɓa in rufe komai? Shi kuma rancen ɗalibai na NELFUND, da gaske babu ruwa a ciki?

Akanta_Zariya:
Wa alaikumus salam Baban Sadiq. Kada ka karɓi 300,000 ɗin nan, ga dalili a lissafe.

Ka koma ka tambaye su abu ɗaya: kashi 5 ɗin a kan uwar kuɗin gaba ɗaya ake ɗora shi kowane wata, ko a kan abin da ya rage? Yawancin masu ba ma'aikata irin wannan rance na farkon suke nufi. Ke nan ruwan 15,000 ne duk wata har wata goma sha biyu, ko da ka biya rabin uwar kuɗin. Jimillar ruwa 180,000, abin da za ka mayar 480,000, wato 40,000 a wata. Da a kan abin da ya rage ake lissafawa, da biyan wata bai kai 34,000 ba, ruwan duka wajen 106,000. Lamba ɗaya ce a takarda, amma tazarar ta kai wajen 74,000. Ban da kuɗin fom, kuɗin inshora da ladan gudanarwa da ake zaftarewa tun kafin kuɗin su shigo hannunka.

Sannan dubi albashin. Tsohon banki 40,000, sabon 40,000, adashi 20,000: naira 100,000 ta tafi, gida ya rage da 65,000. A wata na biyu za ka koma manhajar nan, an gudu ba a tsira ba. Ma'aunin da masu ba da rance da kansu ke amfani da shi shi ne kada biyan bashi ya wuce kashi ɗaya bisa uku na albashi. Naka 55,000 ke nan, kuma 60,000 da kake biya wa banki da adashi yanzu ta riga ta haura hakan.

Na manhajar shi ne mai zubar da jini. Naira 45,000 ka karɓa, 12,500 za ka ɗora, kusan kashi 28 cikin ɗari a sati biyu. Ita kuma 8,000 ta ƙarin wa'adi ba ta rage ko kwabo daga 57,500. Sau biyu a wata 16,000 ce, bashin yana nan daram. Ran da albashi ya shigo ka biya shi duka, ka ɗauki hoton shaidar biya, ka tabbatar manhajar ta nuna an rufe, ka cire katin bankinka daga ciki, sannan ka goge ta. Cire katin yana da muhimmanci, don wasu kan tura wa mutum sabon rance bai nema ba, ko su sake cira bayan an biya.

Ga yadda watannin za su kasance. Watan farko 47,500 kawai za ta rage, wannan shi ne mai zafin. Wata na biyu zuwa na huɗu kana da 105,000, ka riƙa ba mai kanti 10,000. A wata na biyar adashi ya ƙare, 20,000 ɗin nan ta tafi wajen mai kanti ta ƙarasa shi ko da ya ɗan ƙaru. Wata na takwas albashinka ya dawo hannunka cif. Da sabon rancen kuwa, a lokacin sauran wata biyar kake da su na biya.

Tsohon bashin banki ka bar shi yana tafiya, kada ka bari ya yi tsalle ko sau ɗaya. Tun watan Agustan 2020 Babban Banki ya ba bankuna damar amfani da tsarin GSI, wanda ke bin lambar BVN ya ciro bashin da ya wuce wa'adi daga duk asusun da kake da shi a wani banki, har da asusun haɗin gwiwa. Saboda haka kuɗin sana'ar uwargida ko na yaro kada su riƙa kwana a asusun da sunanka ke kai.

Malama_Rajista:
Yallaɓai, bari in ɗauki ɓangaren makaranta, don shi ya fi ruɗa iyaye.

Dokar rancen ɗalibai an fara sa mata hannu a watan Yunin 2023, aka soke ta aka sake sabuwa a watan Afrilun 2024, aka buɗe shafin neman rance a watan Mayu na shekarar. Sabuwar dokar ta cire sharaɗin mai tsaya wa ɗalibi da na iyakar abin da iyaye ke samu. Babu ruwa a ciki. Ɗaliban makarantun gwamnati ne kawai, na tarayya da na jihohi, ban da masu zaman kansu. Kuma bashin na yaron ne, ba naka ba.

Kashi biyu ne. Kuɗin makaranta ana tura su kai tsaye zuwa asusun jami'a, ba sa biyowa ta hannun ɗalibi. Sai alawus na 20,000 a wata da ke shiga asusunsa, shi kuma zaɓi ne, yana iya neman na makaranta kaɗai. Biya yana farawa shekara biyu bayan kammala bautar ƙasa: ana cire kashi 10 cikin ɗari na albashi daga wurin aiki, mai sana'ar kansa kuma ya ba da kashi 10 na ribarsa ta wata. Idan mai rancen ya rasu, an yafe.

Abin da zai tanada: lambar JAMB, takardar shaidar samun gurbi, NIN, BVN, da asusun banki mai ɗauke da sunansa shi kansa. Inda ake maƙalewa kuwa wuri uku ne.

Na ɗaya, jami'a ce ke fara ɗora bayanan ɗalibanta a shafin. In ba ta ɗora sunansa ba, ko ya cike sau goma za a ce ba a gan shi ba. Ya je ofishin harkokin ɗalibai ya nemi jami'in da ke kula da NELFUND, ya tambaya ko an ɗora sababbin ɗalibai, kuma da wace lamba sabon shiga zai nema tunda lambar ɗalibta ba ta fito ba.

Na biyu, suna. Wannan ya fi cin yaranmu na Arewa. A JAMB Muhammad Sadiq Abubakar, a NIN Mohammed Abubakar Sadiq, a BVN kuma Sadiq Abubakar kawai, ranar haihuwa a nan 1 ga Janairu, a can wata daban. Kwamfuta ba ta san mutum ɗaya ba ne. Yau ɗin nan ku jera takardun uku a kan tabarma ku duba harafi bayan harafi. Gyaran NIN ko BVN yana cin makonni, kuma sati biyar ne da ku.

Na uku, lokaci. Amincewa daban, isowar kuɗi daban, kuma kalandar jami'a ba ta jiran kowa. Wasu jami'o'in kan bar wanda ya nuna shaidar ya nema ya yi rajista kafin kuɗin su iso, wasu sai an biya. A samo wannan amsar daga ofishin kuɗi na jami'ar, ba daga bakin ɗalibai ba, a kuma tambaya ko ana karɓar biya kashi biyu. In dole ta sa kuka biya da kanku, ku adana rasit ɗin Remita, wato shafin da ake biyan kuɗin makarantar ta cikinsa, mai ɗauke da lambar shaidar biya ta RRR, domin da shi ake neman jami'a ta mayar da kuɗin idan na NELFUND sun shigo. An sha kai ruwa rana a kan jinkirin mayarwar nan, don haka kada ka ranto kuɗi mai ruwa kana cewa za a dawo maka da su wata mai zuwa. Kuɗin karɓar gurbi, na ɗaki, katifa da kuɗin mota ku ɗauka daga aljihunku za su fito. Kuma kowace shekarar karatu sai an sake nema.

Game da alawus, ku zauna da yaron ku buga. Kuɗin makaranta 140,000 sau huɗu 560,000 ne. In ya karɓi alawus na wata arba'in, an ƙara 800,000. A albashin 150,000, ana cire 15,000, na farkon zai ƙare cikin shekara uku da ɗoriya, haɗe da alawus kuwa sai ya haura shekara bakwai da rabi. A ganina ya karɓa a shekarar farko da gida ke cikin matsi, daga baya a sake dubawa.

Maman Hanifa:
Akanta, lissafinka ya fita, amma watan farkon nan a takarda ne yake da sauƙi. Gida mai yara ba ya cin 47,500. In ba a shirya masa ba, ranar 15 ga wata manhajar za ta dawo wayar.

Baban Sadiq, kafin albashi ya shigo ka yi abu uku. Ka zaunar da uwargida ka nuna mata lambobin nan kamar yadda ka nuna mana. Mace in ta san tukunya ta wata ɗaya ce za ta tsuke, ta san yadda za ta ja: tuwo da miyar kuka, ɗanwake, fate, shinkafa ta koma ta Juma'a. In ba ta sani ba za ta ci gaba da aiken yara kanti yadda aka saba, ba laifinta ba ne.

Sai mai kanti. Ka je da ƙafarka, ba aike ba, lokacin da babu jama'a. Ka ce ya buɗe littafin ku duba tare, ka kwafe a naka. Ka faɗa masa wannan watan ba zai samu komai ba, daga na gaba 10,000 duk ranar albashi, kuma a taƙaita abin da za a riƙa ɗauka: gishiri, mai, sabulu, ashana, ba wanda zai karɓi kaya sai da 'yar takarda daga hannunka. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, mai kanti ma ya sani. Abin da ke ɓata masa rai shi ne ka canza hanya ka riƙa sayen na hannu a wani shagon.

Na uku, a duba abin sayarwa da ba ya kawo komai: tsohuwar waya, janareton da ya shekara a ajiye, akuya ɗaya. Amma ban da keken ɗinki ko injin markaɗe. Ko 30,000 aka samu ta raba watan gida biyu. Anko, gudummawar biki da ɗaukar ɗawainiyar suna a jingine su wata huɗu.

Zubin adashi kuwa kada ka taɓa shi. Ka riga ka kwashe, kuɗin mutane ne, kuma nan gaba ita ce hanyar kuɗin makarantar shekara ta biyu: in an sake sabon zagaye ka roƙi uwar adashi ta sa kwasarka ta faɗo watan rajista.

Abu Maryam:
Ƙari kaɗan ta fuskar addini. Rancen da za a mayar da daidai abin da aka karɓa ba riba ba ne, kuma yadda dokar NELFUND take ke nan. Na manhajar da na ƙaramin bankin kuwa ƙari ne a kan bashi ƙarara, wani dalilin ke nan na gaggauta fita daga ɗaya da ƙin shiga ɗayan.

Wani zai ce ka je bankin Musulunci irin Jaiz ko TAJ. Ka sani yawancin cinikinsu murabaha ce: su sayi kaya su sayar maka da riba sananniya ka biya a hankali. Tsari ne na sayen kaya, ba na ba ka tsabar kuɗi ka rufe tsohon bashi ba. Abin da ya fi dacewa da 140,000 ɗin, in jami'a ta ƙi jira, shi ne rance daga ɗan'uwa ko ƙungiyar taimakon juna ta ma'aikatan ofishinku, da dama suna da ɓangaren da babu ruwa. A rubuta, da wa'adi da shaidu, kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta yi umarni, ko da tsakanin wa da ƙani ne. Kuma wanda bashi ya danne yana cikin mutum takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ba zakka, ba abin kunya ba ne a sanar da mai fitarwa a cikin dangi.

Baban Sadiq:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Mun duba takardun, BVN ɗin yaron babu sunan tsakiya. Sannan masu manhajar sun fara turo saƙo cewa za su kira mutanen da ke wayata in na yi latti. Suna da wannan ikon?

Akanta_Zariya:
Ba su da shi. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta hana tozarta mai bashi da kiran mutanensa, tun 2022 ta wajabta wa masu rance ta waya yin rajista da ita, kuma tun 2023 Google ya hana irin waɗannan manhajoji shiga jerin lambobi da hotunan waya. Ka ɗauki hoton kowane saƙo da lambar da ta turo da kwanan wata, ka shiga saitin wayar ka janye izinin lambobi, hotuna da saƙonni, ka kai ƙorafi ga hukumar da waɗannan hotuna. Ƙorafin ba ya goge 57,500 ɗin, ka biya ta ranar albashi ta cikin manhajar, ba ta asusun wani mutum da za a turo maka a WhatsApp ba.

Na BVN kuma, gobe da safe yaron ya je reshen bankinsa da takardar NIN ya cike fom ɗin gyaran suna, ya tambaya ko za su buƙaci takardar rantsuwa daga kotu, don ya yi duka a fita ɗaya.