'Yar riƙona tana JS1 amma ba ta iya karatu ba, in mayar da ita baya?

Maman 'Yan Biyu:
Assalamu alaikum jama'a, don Allah shawara nake nema. 'Yar yayana ce, tunda iyayenta suka rabu ake ta yawo da ita, ta zauna gun kakarta a Gumel, daga nan Zariya gun ƙanwar uwarta, yanzu kuma tana hannuna a Kano, kuma duk inda ta je sai sabuwar makarantar gwamnati. Wai JS1 take amma wlh sunanta ma da ƙyar take rubutawa, ba ripot kad ba takardar taransifa. Maigida ya ce a bar ta ta bi sa'anninta, ni kuma hankalina bai kwanta ba.

Tsohon Malamin Firamare:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ba daƙiƙiya ba ce. Yaro in ya zo ba takarda tsayinsa kawai hedimasta ke kallo ya ce a kai shi aji kaza, ajin kuma cike maƙil wasu a ƙasa suke zaune, malami ɗaya ina zai gane baƙuwar da ta shigo tsakiyar zango ba ta san baƙi da wasali ba? Ga shi ba a cika maimaita aji ba, tura su ake yi gaba. Ai ba banza gwamnatin Kano ta sa dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024 ba. Ki ba ta littafin Hausa na aji uku ta karanta miki, in ta kasa to a mayar da ita firamare, don BECE, jarabawar gama ƙaramar sakandare, na jiranta a JS3.

Ummu Khairat:
Malam ni ban goyi bayan mayarwar ba. A riƙo na tashi, budurwa guda a sa ta cikin ƙananan yara dariyarsu kaɗai ta isa ta sa ta daina zuwa. A samo mata mai lesin da yamma. Kuma Anti kar ki ji haushi, wa ke wanke-wanke da shara da safe a gidanki? Mu sai mun gama aiki muke tafiya, mu sha bulalar makara, ranar PTA kuma ba mai zuwa mana.

Ɗan Bronx:
Nan Amurka dokar ilimi ta 2015 da Obama ya sa wa hannu cewa ta yi ko an canza wa yaron riƙo gida a bar shi a makarantarsa ta da, har abin hawa a shirya masa, in kuma canjin ya fi masa a karɓe shi nan take ko ba takardu. Mu a gida ba hukumar da za ta bi mata wannan, sai dai ki zauna da yayan naki da wani babba ya yi alkawarin ba zai ɗauke ta ba sai ta gama JS3, in ba haka ba kuɗin lesin ɗin ma asara ne.

Maman 'Yan Biyu:
Na gode. Ummu aikin safe kam ita ke yi, za a raba da su Hassana. Malam lesin ɗin da Hausa za a fara ko da Turanci?