Taken wasannin duniya: da gaske ake yi ko ado ne kawai?

Baban Hauwa:
Assalamu alaikum jama'a. Jiya ina gyaran akwati sai na ci karo da tsohuwar rigata ta gasar cin kofin duniya ta 2010 da aka yi a Afirka ta Kudu. Duk ta koɗe, wuyanta ya saki, amma rubutun ƙirjin na nan: Ke Nako. 'Yata ta tambaye ni ma'anarsa, na ce harshen Sesotho ne, wato "lokaci ya yi". Ta ce, "Baba, lokacin me?"

Na tuna yammacin da Tshabalala na Afirka ta Kudu ya zura wa Meziko ƙwallon farko, muka tashi tsaye a gidan kallo har benci ya kife, kai ka ce ƙasarmu ce ta ci. Na ce mata lokacin Afirka. Amma tun daga nan kofin bai sake zuwa nahiyar ba, abin kuma yana ci mini rai. Shin waɗannan take suna da wani nauyi, ko daɗin baki ne na masu shirya gasa?

Malamin Motsa Jiki:
Wa alaikumus salam, Baban Hauwa. Wani taken na gasa ɗaya ne, ana naɗe tuta ya tafi. Wani kuma ya daɗe. Na Olamfik, Citius, Altius, Fortius, da Latin yake: ƙara sauri, ƙara tsalle sama, ƙara ƙarfi. Wani fada Bafaranshe, Henri Didon, ya tsara shi, Pierre de Coubertin, wanda ya farfaɗo da wasannin Olamfik, ya ɗauka a 1894. Sai a 2021 aka ƙara masa kalma ɗaya, Communiter, wato "tare".

Ko mako biyu ba a yi da ƙarin ba, a Tokyo, Mutaz Barshim na Katar da Gianmarco Tamberi na Italiya suka yi kunnen doki a tsallen sama, mita 2.37. Aka ce su sake karawa, Barshim ya tambaya ko za a ba su zinare biyu. Aka ba su. Tamberi ya daka tsalle ya rungume shi. Duk shekara sai na nuna wa ɗalibaina wannan.

Uwar Biyu:
Malam, ban musa ba, amma masu tsallen ne suka yi halin kirki, ba kwamitin Olamfik ba. Taken waccan gasar ya ce motsin zuciya ne ya haɗa kan kowa, alhali ba 'yan kallo a yawancin filayen saboda korona.

Ɗan Zangon Kumasi:
Yaya Baban Hauwa, mu a nan mun ga Ke Nako da idonmu. Ranar da Suarez na Uruguay ya tare ƙwallo da hannu, Gyan na Ghana ya buga fenareti ta daki ƙarfen saman raga, 'yan uwa daga Kano da Zinder suka yi ta kirana suna jaje kamar an yi rasuwa. Ka gaya wa Hauwa ta adana rigar, Maroko na cikin masu karɓar baƙuncin gasar 2030.

Baban Hauwa:
Na gode ƙwarai. Na wanke ta ɗazu, tana kan igiya. Hauwa ta ce ita za ta saka.