Hutu ya zo, baƙi sun sauka, saƙata ta tsaya cak

Maman 'yan biyu, Asawase: Slm jama'ar gida, dan Allah shawara nake nema. Waɗanda suka san ni sun san saƙar kwarashi nake yi, bargon jarirai da huluna, sai kwanduna da darduma da nake yi da tsofaffin tishat, ina sayowa wajen 'yan gwanjo a kasuwar Kejetia nan Kumasi in wanke in yayyanka su koma zare. To yara sun samu dogon hutu, nawa huɗu, sai ga ƙanwar maigida ta taso daga Hamburg ta Jamus da nata uku, sati shida za su yi, kuma ɗakin da nake aiki shi aka ba su, kayana duk suna buhu a ƙarƙashin gado. Jiya na tashi in juya miya, kafin in dawo autanta ya zare kwarashin ya kama bakin zaren yana ja, layi sha ɗaya ya warware, zare ya nannaɗe ƙafar kujera har tsakar gida, shi ko dariya yake yana min Jamusanci, wlh sai da na shiga bayi na share hawaye. Ga shi wata mata a Accra ta turo min rabin kuɗin kwanduna 8 ta MoMo (tura kuɗi ta waya), ga bargon suna. Sannan duk abin da na gama sai antin yaran ta ɗaga ta ce kai wannan ya yi kyau, da shi zan tafi. Ya zan yi in cika alkawari ban ɓata da dangin miji ba?

Hajiya, Aboabo: 'Yata ki yi haƙuri, baƙo raɓa ne. Zare ba ya gudu amma yaran nan in sun tafi sai shekara biyu ko uku kafin ki sake ganinsu. Ki kira matar Accra tun yau ki faɗa mata gaskiya ta ƙara miki sati biyu, kar ki bari sai ranar ta zo ki kashe waya, wannan shi ke kashe sana'a.

Anti mai ɗinki: Hajiya a gafarce ni, haƙuri kaɗai ba ya saƙa kwando. Yara bakwai a gida ai ma'aikata ne Allah ya kawo miki. Ki ba manyan almakashi. A cire hannu da wuyan tishat daga hammata, a cire dajiyar ƙasa, a shimfiɗa a dinga yankawa faɗin yatsa biyu amma kar a kai ƙarshe, a bar ɗan gefe, sai a buɗe gefen a yanka shi a karkace, za ki ga duk rigar ta zama igiya ɗaya doguwa. Ƙananan kuma aikinsu ja, in an ja sai ta nannaɗe kanta ta yi kamar taliya, yara na son wannan wajen sosai, sai su dunƙule miki. Wanda ya warware miki aiki ma shi za ki naɗa sarkin dunƙulawa. Ki nemi tishat da ba ta da ɗinki a gefe, ta fi ba da zare mai laushi ba ƙulli. Kuma in za ki tashi ki sa fil a madaukin ƙarshe, ko an ja ba zai warware ba, ni abin ya ba ni mamaki da ba ki yi.

Maman 'yan biyu, Asawase: Anti ina sa wa fa, jiyan ne miya ta ruɗa ni.

Malam, Sabon Zongo: Ni ba masaƙi ba ne, direba ne, amma ki sa maigida ya kwashe su rana guda ku je Bonwire, ba nisa ta hanyar Ejisu. Su ga maza zaune suna saƙa kente, hannu na jefa ƙoshiya ƙafa na taka, ƙyalle siriri faɗinsa bai wuce inci 4 ba sai an harhaɗa da yawa ya zama zane ɗaya. Wata rana kuma Ntonso ta hanyar Mampong, can ake buga adinkra, zanen da ake yi wa ado da hatimi, tawadar daga ɓawon itacen badie ake dafa ta har ta yi kauri, hatimin kuma da ƙwarya ake sassaƙa shi, suna bari yaro ya buga da hannunsa. Yaron da ya ga wahalar da ke cikin zare zai rage wasa da naki. Ko ma ke ki zauna a gida ranar, ki samu wuni guda ba hayaniya.

Maman Nima: Abin da ba wanda ya taɓo shi ne buhun nan na ƙarƙashin gado. Kumasi a watan Agusta rana ba ta cika fitowa ba, ga sanyi ga danshi, zaren auduga da tishat nan da nan suke warin ruma, kuma in wari ya kama kwando mai saya ba ruwanta da labarin baƙinki. Ki sa a bokitin roba mai murfi, sai ya bushe ƙarau kafin ki rufe. Mu nan tun gobarar Kantamanto, kasuwar gwanjon Accra, a Janairun 2025 muka koyi tattalin kaya. Maganar anti kuma, kunya ce ke cin ki. Ki saƙa mata abu ɗaya mai kyau ki miƙa mata da hannunki ki ce wannan tsarabarki ce, sauran na mutane ne sun biya. Ki maƙala takarda da sunan mai shi a jikin kowanne. Wadda ke zaune Jamus ta fi mu sanin kuɗin aikin hannu.

Hajiya, Aboabo: Wannan kam haka ne, amma ki bari maigidanki ya fara ji daga bakinki.

Maman 'yan biyu, Asawase: Ngd sosai Allah ya bar zumunci. Na kira matar Accra, ta ce kwana goma kawai za ta iya ƙarawa. Yanzu bayan asuba nake saƙa har ƙarfe bakwai kafin a aika sayen koko da ƙosai, kwando ɗaya da rabi na yi yau. Yara sun yanka tishat 9, biyu sun lalace, ɗaya ma rigar babansu ce da ya shanya, bai sani ba tukuna. Antin ta ga takardun ta yi shiru, da daddare ta zo ta tambaye ni nawa nake sayar da babban kwandon, wai ƙawayenta a can za su so. Na ce zan lissafa. To jama'a a sidi zan faɗa mata ko a yuro?